Ta Ƙofar Kaya

"Ba ta nan ba, Uwata," in ji direban, ya kamo hannun rigar 'yarsa tana shirin karya kwana. "Ba ki ga allon ba? Ba a shiga ta nan."

Yarinyar ta ɗaga kai ta kalli jan allon mai farin layi a tsakiya, ta dawo da idonta kan mahaifinta. Hayaƙin sanyi na fita daga bakinta.

"Baba, da ƙafa fa muke tafiya."

"To, ai doka doka ce."

"Dokar motoci ce! Ga mutane can suna ta shiga."

Ya duba. Ga su kuwa, maza da mata cikin manyan riguna, har da wata tsohuwa mai jan kare. Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Waɗannan ba su san gari ba. Ke dai biyo ni."

Kada ku yi saurin yi masa dariya, bayin Allah. Shekara ashirin da biyu yana shigo da tirela cikin wannan birni, sau biyu a mako, rani da damina. A gida kuwa, in ana hirar birnin, ba wanda ke buɗe baki sai shi. Ya san inda ake cin tara, ya san titin da ke cushewa ƙarfe huɗu, ya san gadar da ke rawa in ka hau ta da kaya. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya taka birnin da tafin ƙafarsa. Daga saman kujera ya san shi, hannu kan sitiyari, ido kan madubi.

'Yar tasa shekararta goma sha biyar. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai iya kiranta da komai sai Uwata. Da ta zo ta ɗaya a ajinsu, ya tambaye ta abin da take so, yana tsammanin za ta ce takalmi. Sai ta ce a kai ta gidan tarihin birni ta ga ƙashin ƙaton kifin nan na teku, wanda aka rataye a rufi, wanda hotonsa ke cikin littafinta na kimiyya.

"Wannan gidan?" ya ce a ranar, yana kurɓar shayi. "Ai kamar ɗakina yake. Na shiga ya fi sau ɗari."

Hutun kwana ɗaya ya samu. Suka hau jirgin ƙasa na safe, za su koma da na ƙarfe shida. Uwar yarinyar ta naɗe su da mayafan wuya kamar za ta aika su ta gidan waya, tana ta jaddadawa cewa ƙarfe uku da rabi ake daina sayar da tikitin shiga gidan tarihin, kada su tsaya kalle-kalle.

Suka kuwa tsaya kalle-kalle. Ya ce sai ta ga babbar kasuwa, ya kai ta, amma ta baya, inda ɗakunan sanyi suke, ana ta tura kwalaye a keken ƙarfe. Ya ce ga otal ɗin da ya fi kowanne tsayi, ta ɗaga kai ta ga bututun hayaƙi da layin kwandunan shara. Ta ɗauki hoto uku tun safe, dukansu ƙofofin ƙarfe ne masu naɗewa sama. Ƙawayenta dai suna ta aiko saƙo: ina hotunan?

Yanzu ƙarfe uku saura kwata. Ta fito da waya, yatsunta sun yi ja don sanyi.

"Baba, taswira ta ce minti goma sha biyu ne in muka miƙe."

"Taswira ta taɓa tuƙi?"

"A'a, amma..."

"To, ajiye ta kafin sanyi ya cinye mata caji."

Suka bi babban titi, dusar ƙanƙarar jiya ta narke ta zama caɓi a bakin hanya. Yana tafe yana nuna mata inda tayarsa ta taɓa fashewa, da inda wani ɗan sanda ya taɓa ba shi lemo maimakon takardar tara. Da suka iso wata gada da jirgin ƙasa ke bi ta samanta, sai ya ja birki da ƙafafunsa, ya karanta lambar da ke jikinta, ya juya dama ba tare da ko tunani ba.

"Baba, me kuma ya faru?"

"Mita uku da rabi ce. Ba ta wucuwa."

"Baba." Ta tsaya cak. "Tsawonka nawa ne?"

Sai a lokacin ya ji abin da ya faɗa. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya ce ai sun riga sun juyo, kuma wannan hanyar ita ya sani, daga nan ko ido rufe zai kai su. Gaskiya ya faɗa. Hanyar tirela ce, wadda ke zagaye unguwar gaba ɗaya kamar mai neman bayan gida a gidan baƙi.

Suka yi sauri, suka yi gudu-gudu. Shi da ƙaton ciki da gwiwar da kulocin mota ya cinye, ita da jakar baya tana tsalle. Suka karya kwana ta ƙarshe, ya ce, "Ga mu!"

Wani siririn lungu ne tsakanin dogayen bango biyu. Babu matakala, babu tutoci, babu layin masu tikiti. Ƙofar ƙarfe ce babba, a buɗe, da dakalin sauke kaya, da ɗan ɗakin mai gadi. A bakin lungun wata tirela ta gitta ta toshe ko'ina, motoci sun yi layi a bayanta suna ta hon.

"Ina ƙofar shiga?" in ji yarinyar a hankali.

Ƙofar shiga tana can ɗaya gefen ginin, tafiyar minti goma ga mai lafiyar gwiwa. Ta duba wayarta, ta juyo masa da fuskar ya gani. Uku da minti talatin da huɗu.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Ta ja mayafinta ta rufe hanci, ta zuba wa bango ido.

"Uwata..."

"Ba komai, Baba."

Kun san "ba komai" ɗin 'ya mace. Ya ji ta har cikin haƙoransa.

"Kai! Wa nake gani kamar Sarkin Ribas?"

Mai gadin ne ya fito daga ɗakinsa, wani dattijo siriri mai safar hannu kala biyu. Direban ya so ƙasa ta buɗe. Ya ɗan juya baya, amma ina, dattijon ya riga ya damƙe kafaɗarsa.

"Yau kai ne da kwat da takalmi mai sheƙi? Aure za ka ƙara ko kotu za ka?"

"Yawo na kawo 'yata."

"Yawo a lungun kaya? Allah ya shirye ka. Sannu, 'yata, kin sha sanyi." Ya juyo da sauri. "Don Allah taimake mu. Sabon direba suka aiko mana, minti arba'in yana abu ɗaya. Akwatunan gilashi ne a ciki, Hajiyar sito ta kusa cire ɗankwali."

A kan dakalin ga Hajiyar tsaye da takardu a hannu, tana kallon bayan tirelar da ya rage kamu ɗaya ya daki bango. Direban ya kalli 'yarsa. Ita bango take kallo har yanzu. Ya cire safar hannunsa ya cusa a aljihu, ya nufi motar.

Mutumin da ke ciki ba yaro ba ne, har da furfura a gemu, amma gumi yake yi cikin wannan sanyi.

"Sannu, ɗan'uwa. Yau ka fara zuwa nan?"

"Yau na fara, yau zan daina. Wanda ya gina wurin nan ba ya ƙaunar direbobi. Zo ka karɓa, don girman Allah."

"Motarka ce, kai za ka shigar da ita. Fita gaba. Ƙara. Ƙara dai, kada ka ji tsoron masu hon, ba su ke biyan gilashi ba. Ka ga murfin kwatar can? Sai tayarka ta baya ta hau kansa. Yawwa. Tsaya."

Ya koma baya ya tsaya inda mutumin zai gan shi a madubi, ya ɗaga hannu ɗaya sama.

"Daga yanzu ka manta da bango. Hannuna za ka kalla. In na rufe shi, ka taka birki ko da uwarka ce ke kiranka."

Yarinyar ta juyo. Ba ta taɓa jin wannan muryar ba. A gida Baba mai neman silifas ne, mai barci gaban talabijin da baki buɗe. Wannan kuwa wani mutum ne tsaye a tsakiyar titi, ƙafafu a ware, ya ɗaga wa layin motoci tafin hannu sau ɗaya, hon ɗin ya mutu. Yatsunsa biyu suna juyawa a hankali, ƙatuwar motar tana bin su kamar akuya ta ga dusa. Ta lanƙwashe, ta miƙe, ta shige lungun, tsakaninta da bango ko'ina bai fi faɗin littafi ba.

"Kaɗan. Kaɗan. Saki sitiyarin, ita ta san hanya. Kaɗan..."

Ya dunƙule hannu. Motar ta yi ajiyar zuciya, bayanta ya sumbaci robar dakalin, ko ƙara babu.

Wani mai tasi ya leƙo ta taga ya tafa. Mai gadin ya matso kusa da yarinyar, yana murza safar hannunsa.

"Kin ga ƙarfen can na kwana? Duba fentin da ke jikinsa: ja, shuɗi, fari, kore. Kowane kamfani ya bar mana tsaraba. Na ubanki ne kawai babu. Shekara ashirin, 'yata. Har caca muke yi a kansa, ni kullum nake ci."

Hajiyar sito ta sauko daga dakalin tana gyara tabarau. Da ta ji abin da ya kawo su da yadda suka makara, ta yi dariya har ta riƙe ƙarfe.

"Ka bi da ita hanyar tirela? Kai, maza! To, ba a rufe zauren sai biyar. Bari in kira sama in ce baƙina ne. Ku hau lif ɗin kaya, zai sauke ku daidai bayan wutsiyar kifin."

Direban ya kalli lif ɗin. Ƙasansa katako ne da ya sha jan kwalaye, an jingina tsintsiya da bokiti a kusurwa. Ya kalli sabon takalmin 'yarsa da farin mayafinta.

"Na gode, Hajiya, amma a'a." Muryarsa ta koma ƙasa. "Ban kawo ta birni don ta shiga ta inda ake shigar da kwali ba. Za mu dawo wani lokaci, ta hau matakalar gaba kamar 'yar kowa."

"Wani lokaci yaushe, Baba?"

"In na sake samun hutu."

"Na bana ma wata bakwai ka yi kana roƙo." Ta sauke mayafin daga hancinta. "Ƙawayena duk wadda ta zo, ta ƙofar gaba ta shiga. Ni ta nan nake so."

Ta wuce shi ta shiga lif ɗin, ta tsaya kusa da bokitin, ta riƙe masa ƙofa. Mai gadin ya tura shi da gwiwar hannu. "Shiga mana, Sarki. Ko sai na ɗaga maka hannu?"

Lif ɗin ya hau yana kuka. Ƙofa ta buɗe kan wani zaure mai ɗumi da haske, ga abin nan a sama, fari sol, daga wannan bango zuwa wancan. Haƙarƙarinsa kaɗai ya isa mutum ya yi ɗaki da falo a ciki. Yarinyar ta dafe ƙirji. Ta taka a hankali ƙarƙashinsa, tana kiran sunayen ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya kamar tana gaishe da dangi.

Da ta waiwayo don ta nuna wa mahaifinta wani abu, ta gan shi tsaye inda ta bar shi. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji, kai a sama, baki a buɗe. Mutumin da ya shiga sau ɗari. Ta dube shi, ta gane iyakarsa dakalin ƙasa duk shekarun nan, shi ma ya ga ta gane.

"Uwata," ya ce, "ni fa..."

"Zo ka tsaya nan, Baba, haske ya fi kyau." Ta ja shi ƙarƙashin muƙamuƙin, ta ɗaga waya. "Rufe bakin. A'a, bar shi ma haka."

Wata ma'aikaciya mai ɗaurin kati a wuya ta matso tana duba hannayensu, ba ta ga tikiti ba.

"Ku ne baƙin da aka kira daga ƙasa? Ta ina kuka shigo?"

Direban ya fara laluben abin faɗa. Yarinyar ta riga shi, da ƙarfin da har mutanen da ke wajen wutsiya suka juyo.

"Ta ƙofar kaya," ta ce. "Babana ne ya shigar musu da motar."