Gwiwa a Ƙasa

Lubabatu na ƙoƙarin jawo sandunanta ta ji mijinta Attahiru yana yi wa baƙo maraba a zaure. Ta gane muryar baƙon. Surukinta ne, Alhaji Maccido, ya taso tun daga ƙauyen Araba don ya duba ta.

Kwana goma sha biyu ke nan da sallamo ta daga asibiti a Sakkwato. Sikila ce ta hana jini isa kan ƙashin cinyarta, inda ya shiga kwatangwalo, har ƙashin ya fara mutuwa. Likita ya huda shi don jini ya samu hanya, ya ce an yi sa'a bai burma ba. Amma wata uku kada ta taka, kada ta durƙusa. In ya burma, sai a yanke a sa na ƙarfe.

Likita ya faɗi nasa, bai san Alhaji Maccido ba. Shekara tara da aurenta, Lubabatu ba ta taɓa gaishe shi ba sai gwiwa a ƙasa. Tsohon da ya taɓa ƙin shan ruwan matar ƙanen Attahiru don kawai ta gaishe shi a tsaye, ana ta zancen har ƙauyen Garu.

Ita kam ta gaji. Ta gaji da ciwon, ta gaji da sandunan, ta gaji da masu dubiya da ke kallon ƙafa ba kumburi su ce ai ta warke.

Labule ya ɗaga, tsohon ya shigo, ɗansa na biye da shi. Attahiru, wanda likita ya yi gargaɗin a gabansa, ya tsaya yana kallon bango, don gaban ubansa ba shi da baki. Lubabatu ta dafa kujera, ta cije leɓe, ta fara zamewa ƙasa.

"Mi kika shirin yi?" in ji tsohon.

"Gaisuwa, Baba."

"Zamna."

Ya cire takalmi, ya dafa bango, ya sauka a hankali gwiwoyinsa na ƙara, har ya durƙusa gaban kujerarta.

"Yau ni nit taho gaisuwa. Ya jiki?"

Kunya ta rufe ta. Ta ja mayafi ta ce da sauƙi, hawaye na zuba, na sauƙin da ta ji ne.

Da suka gama gaisawa ya yunƙura sau biyu, tashi ya gagara. Ya waiwayi ɗansa.

"Kai da ƙafarka lafiya lau, taho ka ɗaga ni."