Fushin Magajin Gari Sikkema

Wiebe Postma, likitan haƙori, ya ƙare shekarun aikinsa yana daidaita haƙoran mutanen garin Marwier, da ya yi ritaya sai ya koma daidaita bakin tsofaffin alƙaluman tawada. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. In ya shiga gidan mutane, sai ya gyara hoton bango kafin ya gaisa, shi ya sa ba a cika gayyatarsa ba.

Yayarsa Aukje ce shugabar kwamitin gidan tarihin garin, ɗaki guda a saman tsohuwar ma'aunar cuku. Babu wani abin kirki a ciki sai alƙalamin Magajin Gari Sikkema. A zamanin kakanni, da hukuma ta so haɗe Marwier da garin gabas, aka kawo wa Sikkema takarda ya sa hannu, shi kuwa ya soka alƙalamin a tebur har bakin zinariyar ya lanƙwashe. An haɗe garuruwan duk da haka, mataimakinsa ne ya sa hannun. Amma ba a ambaton wannan a bikin da ake yi kowace bazara, Ranar Ƙin Sa Hannu.

Ana gab da bikin, Aukje ta kawo masa alƙalamin a jakar kekenta, ba da sanin kwamiti ba. Ta ce gangar jikin ce ta dushe, ita kaɗai zai goge. Ta maimaita, ta kuma sake faɗa daga bakin ƙofa.

Ya goge gangar. Sannan ya ce bari dai ya duba bakin da madubin ƙara girma, ai dubawa ba taɓawa ba ce. Harsuna biyu na bakin, waɗanda tsagi ya raba, ɗaya ya hau kan ɗaya kamar haƙoran mai tsotsar yatsa. Ya ajiye, ya je ya haɗa kofi, ya dawo. Ya ce da farce kawai zai ɗan taɓa, ya ji taurin zinariyar. Zinariya ce irin ta da, mai laushi, mai biyayya. Daga farce aka koma ƙaramar filaya mai lulluɓin roba, daga filaya aka koma ɗan ƙarfen da yake murje lanƙwasa da shi. Kafin kofin ya huce, harsunan sun tsaya kafaɗa da kafaɗa. Ya tsoma a tawada ya ja layi. Bai taɓa jin alƙalami ya bi takarda da ladabi haka ba.

Da Aukje ta dawo ta gani, sai ta zauna ba tare da an ba ta kujera ba.

"Wiebe, ina fushin?"

"Wane fushi, Yaya?"

"Fushin garin nan. Ɗazu na danƙa maka shi a hannu."

Ya yi mata bayani cewa don rubutu aka ƙera alƙalami, yanzu kuwa yana rubutu. Ta ce babu mai hawa wannan matsattsen benen don ya ga alƙalami mai rubutu, kowa yana da irinsa a gida. Ta ce tun suna yara haka yake, shi ne ya daidaita wa kyanwarsu gashin baki da almakashi, ta yi ta karo da ƙafar tebur.

A Marwier ba a sa labule a taga, don haka kafin gari ya waye kowa ya ji. Kwamiti ya zauna. Aka zuba kofi, aka zagaya da gwangwanin biskit kowa ya ɗauki ɗaya, aka rufe. Wani ya kawo shawarar a bai wa magajin gari na yanzu, Dijkhuis, ya soka shi a tebur da kansa, tunda fushin na kujerarsa ne. Dijkhuis kuwa bai taɓa ƙin sa hannu a komai ba. Aka gwada tunzura shi, aka ce jawabinsa yana sa barci, aka taɓo maganar gashin kansa. Ya ce ya fahimci ra'ayin kowa, kuma ya gode. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa ko Wiebe ya mayar da lanƙwasar kafin biki, ko Aukje ta sauka daga shugabancin kwamitin.

Wiebe ya san abin da saukar take nufi. Tun rasuwar mijinta, ɗakin tarihin nan ne yake tayar da ita daga gado.

Ya zauna gaban alƙalamin yana juya maganar. Lanƙwasar farko gaskiya ce, ko da ba ta hana komai ba. Ta biyu ƙarya ce, kuma hannunsa, da bai taɓa ɓata abu da gangan ba, shi zai ƙaga ta. To amma in ya ƙi, shi zai tsira da gaskiyarsa, Aukje ce za ta kwana a ciki. Wace irin gaskiya ce wannan, da mai ita yake ɗora wa wani ɗaukarta? Ya nemi amsar da za ta bar shi da hannu mai tsabta, bai samu ba.

Ya ɗauki filaya ya lanƙwasa. Sai dai hannun ya saba da kyautatawa. Da kwamiti suka gwada da tsohon hoton alƙalamin, suka ce wannan ba fushi ba ne, ya fi kama da mai sunkuyar da kai yana neman afuwa. Ya miƙar da shi a gabansu. Ya san zinariya tana gajiya, in aka ci gaba da wasa da ita tsagewa za ta yi. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, da gwangwaninsu a rufe, ya dubi yayarsa da ta ƙura wa kofinta ido. Ya ajiye filayar, ya runtse ido, ya soka alƙalamin a tebur.

Ranar bikin, jama'a suka ce ba su taɓa ganin fushin Sikkema ya fito fili haka ba. Dijkhuis ya ce a jawabinsa duk wanda ya kalli bakin nan zai ji abin da kakanni suka ji. Kowa a wurin ya san wanda ya lanƙwasa shi, kowa kuma ya yi tafi. Aukje ta ci gaba da riƙe kujerarta. Da yamma ta aje masa kek ɗin tuffa a bakin ƙofa, ba ta ƙwanƙwasa ba.

Bayan bikin da 'yan kwanaki, Harmen mai gidan burodi ya shigo, garin fulawa har gwiwar hannu. Ya warware ƙyalle ya fito da alƙalamin kakansa. Wiebe ya sa madubi ya duba. Lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya ce masa ba abin gyara a nan.

"Likita, ai ba gyara na kawo ba. Irin na Sikkema nake so. Ba sosai ba, daidai talaka."

"Me kakan naka ya ƙi?"

Harmen ya sosa ƙeya. "Ba mu gama yankewa ba tukuna. Matata ta fi son a ce haraji ne."

Wiebe ya daɗe yana kallon bakin. Sannan ya goge shi da tsumma mai laushi, ya naɗe a ƙyallen, ya miƙa masa yadda ya kawo shi. Da ya raka shi ƙofa, sai ya hangi wasu biyu suna jingine kekuna, kowa da ɗan ƙunshinsa.