Rarrafen Ɗan Mai Tayil

Tun ranar da ya fara durƙusawa yana jera tayil a gidajen mutane, Mai Tayil ya ƙudurta a ransa cewa ɗansa a kan kujera zai nemi abincinsa. Shi ya sa maganar malamar aji ta tsaya masa a rai. Yaron, wanda ake kira Mazari saboda rashin zama wuri ɗaya, kujerar ce ta gagare shi. Da ya sunkuya zai yi rubutu sai hannuwansa su lanƙwashe, ƙirjinsa ya kwanta a kan tebur, ƙafafunsa su miƙe su shuri na gabansa. Malama ta ce idan zango ya ƙare a haka, za a mayar da shi ajin baya, inda ƙanwarsa take.

Malamar ce kuma ta tura su wurin wata likitar motsa gaɓoɓi. Likitar ta sa Mazari ya dafa ƙasa da hannuwa da gwiwoyi, ta ce ya ɗaga kai, ya sauke. Yana saukewa gwiwar hannunsa ta lanƙwashe, saura kaɗan hancinsa ya daki daɓe.

"Ba ƙiriniya ba ce," in ji ta. "Akwai motsin da jikin jariri ke yi da kansa, ba da nufinsa ba. Yawanci yakan ɓace wajen lokacin rarrafe, amma a jikin wasu yakan yi saura. Ya yi rarrafe kuwa?"

"Ina!" uwar ta ce da alfahari. "Daga zama sai tafiya."

"To, yanzu zai yi. Kullum, a hankali, hannun dama tare da gwiwar hagu. Ba alkawari na yi muku ba, amma mu gwada."

Mai Tayil ya yi ta juya maganar a ransa har suka isa gida. Shi da gwiwoyinsa suka yi kanta don kada na ɗansa su taɓa ƙasa, yau shi ake cewa ya koma ya saukar da yaron da hannunsa.

Mazari ma bai ba da haɗin kai ba. Ranar farko da ya durƙusa, ƙanwar ta tuntsire da dariya. "Mama, Yaya ya koma jinjiri! A haɗa masa madara?" Ya miƙe ya shige ɗaki. Lallashi bai fito da shi ba, tsawa ma haka, kwanakin zango kuwa suna ta zarcewa.

Wata yamma Mai Tayil ya dawo da siminti a wandonsa, ya tarar da uwar tana roƙon ƙofa a rufe.  Sai ya ɗauko soson tsohuwar katifa ya yanka gida biyu, irin wanda yake ɗaurawa a gwiwa a wurin aiki, ya tura su ta ƙarƙashin ƙofar, ya durƙusa a tsakiyar falo.

"Mazari, leƙo ka ga jinjiri mai gemu. Da rarrafen nan nake ciyar da ku, kai da mai dariyar."

Ƙofa ta buɗe kaɗan. Ya nuna masa layin da ke tsakanin tayil da tayil, daga bakin ƙofa zuwa bango. "Ido a kan layi. Wanda ya yi sauri ya faɗi."

"Maigida, a waje rarrafe, a gida ma rarrafe?" in ji uwar.

"Na gida ya fi daɗi. Ba mai tsaya mini a ka yana cewa layi ya karkace."

Kafin mako ya zagayo, ƙanwar ce ke kuka sai an yanka mata nata soson. Abin bai tafi sumul ba. Wata rana yaron ya yi kyau, wata rana hannu da gwiwar ɓangare ɗaya su tafi tare kamar agwagwa. Mai Tayil yakan isa gida gwiwoyinsa na zogi, ya sake durƙusawa.

A ƙarshen zango malama ta kira shi. "Rubutun har yanzu kamar kaza ta yi tono," ta ce, "amma yana zama har ya gama kwafe allo. Zai wuce da 'yan ajinsa."

Daga makarantar bai zame ko'ina ba sai wurin likita. Duk godiyar da ya tsara a hanya ta watse da ya tsaya gabanta. Ya sunkuyar da kai, idonsa ya sauka inda ya saba sauka. Ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa wani tayil da bayan yatsa, ya ji ƙararsa kamar ta ganga.

"Likita, wannan a kan iska yake zaune. Wata rana zai tsage, ga yara suna rarrafe a kai."

"Malam, ya aka yi da makarantar?"

"Ya wuce," ya ce, yana ƙwanƙwasa na kusa da shi. "Allah ya saka miki da alheri. Gobe kada ki sa kowa a ɗakin nan, da safe zan zo da kayan aiki."