Hodar Kaka

Ku yi mini afuwa. Ba ni ya kamata in rubuta wannan ba, Likita Zenaida ce, kuma a mujallar likitocin yara ya kamata ya fito. Ni karatu kawai na iya, shi ma a ɓoye a bayan murhu. Amma ita an hana ta.

Ƙanena Efraín yana da shekara uku cikinsa ya cushe. Kaka ta yi abin da uwarta ta yi mata: ta kwance ƙullin azarkon, hodar nan mai ruwan goro da ake sayarwa a kasuwar Lahadi, ta dama a cokali da mai, ta ɗura masa. Ya yamutsa fuska, muka yi dariya.

Da ya fara jijjiga muka kai shi asibitin gari. Aka ce sanƙarau ne, aka yi ta allura. Babu wanda ya tambayi abin da ya sha a gida, mu ma ba mu ga abin faɗa ba. Sai da Likita Zenaida ta sa aka ɗauki hoton cikinsa, ta ga fararen ɗigo a hanjinsa. Dalma ce. Hodar kusan duk dalma ce. Lokacin ya riga ya daina gane Mama.

*

Bayan addu'ar kwana tara da rasuwarsa Likita Zenaida ta zo gidanmu, takalminta duk taɓo. Mama ta ba ta kunun masara, ta riƙe kofin ba ta sha ba.

"Don Rutilio, izini na zo nema," ta ce wa Baba. "Ina so in rubuta yadda ciwon ya ɓoye mana. Babu suna, babu gari. Likitan da ya karanta, in an kawo masa yaro haka, zai tambayi hodar tun ranar farko."

"Babu suna," in ji Baba. "Yara nawa suka mutu a hannunki watan nan da har ba za a gane ba?"

"Shi kaɗai."

"To kin gani. Ku kuka yi ta sokarsa da allurar banza, yanzu kuma ki samu suna da gawarsa, uwata ta zama makashiya a takarda."

"Laifinmu ma zan rubuta."

"Sha kununki, likita, hanya da nisa."

Kaka tana gefe tana niƙa masara. Dutsen bai tsaya ba, amma na ga babu komai a ƙarƙashinsa.

*

Ranar ziyarar ƙananan mamata muka je maƙabarta da rana tsaka, da furanni masu ruwan goro da ƙaramar motar Efraín ta katako. Kusa da Efraín akwai sabon kabari, gajere kamar nasa. Wata mata daga ƙauyen bayan dutse tana share shi, jariri a goye cikin mayafinta yana ta kuka.

"Naku ma ƙarami ne, Doña?" ta tambayi Kaka. "Tawa Maribel ce. Sanƙarau, in ji su a babban asibiti. Likitoci har huɗu, kowa da gilashinsa, ba wanda ya iya komai."

"Allah ya ba da haƙuri," Mama ta ce.

"Ba abin da ban yi ba. Azarkon ma sau uku na ba ta, mai kyau, ba na araha ba." Ta jijjiga goyon. "Ga wannan sarkin rigimar, shi ma cikin ya fara. Gobe sai kasuwa."

Kaka ta buɗe baki. Baba ya dube ta, kallo ɗaya, ya koma gyaran kyandir. Ta rufe bakin. Furen da ke hannunta ta yi ta murzawa har ya zama gari.

Can ta kama wuyan hannuna, ta matso kamar za ta gyara mini kitso.

"Nayeli, likitar nan, tana can har yanzu?"

"Ban sani ba, Kaka."

Ta sake ni.

Mama ta fara addu'a, kowa ya sunkuyar da kai. Na ja da baya a hankali, na bi tsakanin kaburbura zuwa hanyar gari. Kukan jaririn yana bina har ƙofa. A wuyan hannuna, inda Kaka ta riƙe, akwai shatin yatsu huɗu masu ruwan goro.