Sau Nawa Kike Tambayarsa?

Tun da Baba ya sauka gidanmu a Eindhoven, ƙasar Holan, ban ga ya ci abin da zai riƙe kyanwa ba. Zan zuba masa shinkafa ludayi guda, in ɗora masa waran, miyar waken da aka yaye mu da ita, ya cakuɗa da yatsu a hankali ya cinye. In ce, "Baba, a ƙara?" Ya girgiza kai ya ce ya isa. Sai in rufe tukunya in koma kujerata, ina kallon wuyansa yana ƙara tsawo a cikin riga.

Aayi, mahaifiyarmu, ta rasu a farkon shekarar. Da aka gama zaman makoki jama'a suka watse, ni da yayana Ninad muka ga bai dace a bar dattijo shi kaɗai a gidanmu na garin Sangli a Indiya ba, daga shi sai kujerar lilo da hoton matarsa. Ninad yana Pune a ɗan matsattsen gida cike da yara. Ni kuwa ga ɗaki a sama ba kowa, sai keken motsa jiki da mijina Shardul ya saya da zumuɗi, ya ƙare a wurin shanya tawul. Da sanyi ya ja baya muka kawo Baba.

Ranar farko na yi masa jawabi, ina ji da kaina. Na ce nan gidansa ne, ba ruwanmu da bidi'o'in gida, tukwane ake jerawa a tebur kowa ya ɗebi abin da zai iya. Na ce ba wanda zai tsaya masa a ka. Da gangan na faɗi wannan, don na tashi ina ganin yadda Aayi ke tsayawa a kansa da ludayi, yana rufe faranti da hannu yana faɗa, tana zubawa kamar da bango yake magana. Tun ina yarinya nake ɓangarensa. Zaman da na yi da mutanen Holan kuma ya ƙara min ƙarfin gwiwa, su da in ka ce ba ka shan shayi sai a mayar da kofi ma'ajiyarsa, ba a sake tayar da zancen. A ganina na ba Baba hutun da bai taɓa samu ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce to.

Da rana mu duka muna wurin aiki. Nakan bar masa abinci a firiji cikin robobi, na kuma nuna masa maɓallin na'urar ɗumamawa har ya haddace. In dawo in tarar da robobin yadda na bar su, ko murfi ba a ɗaga ba. Shayi da biskit biyu, shi ke nan abin da ya ci. In na yi magana ya ce ai tsoho ba ya buƙatar da yawa. Wata safiya na same shi a bakin gado da ƙusa a hannu, yana huda sabon rami a jikin bel ɗinsa.

Na ɗauka girkina ne. Na san hannuna bai kai na Aayi ba, kuma shekarun nan taliya da burodi sun lalata ni. Sai na tashi haiƙan. Na keta gari da keke har shagon mutanen Suriname na samo garin dawa, na koma koyon bakiri, gurasar dawar da ake bugawa da tafin hannu, wadda na guje wa tun ina budurwa. Na ƙona yatsu, ƙararrawar hayaƙi ta tara mana maƙwabta, har dai ta fara kumbura yadda ake so. Na yi masa pitla, miyar garin wake da ake cin bakiri da ita, na rage yaji da tafarnuwa don kada su dami cikinsa. Ya gutsiri kwata, ya ce ta yi kyau ƙwarai. Na ce a ƙara, ya ce ya isa.

Muka je wurin likita. Aka ɗibi jini, aka auna nan aka auna can, aka ce lafiyarsa ƙalau. Likitan ya ce baƙin ciki ne, a ba shi lokaci, in kansa ya yi ciwo ya sha farasitamol. A ƙasar nan ko ƙafarka ce ta cire, da farasitamol za a fara.

Ninad kuma ya kira ta bidiyo, ya ga ƙasusuwan wuyan Baba, ya sa aka miƙo min wayar. Wai me nake ba shi, ganye da cuku? Wai in ba zan iya ba in sako shi jirgi. Na faɗa masa maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta, na kashe wayar. Amma fushin na baki ne kawai. Tsoro nake ji. Na san tsofaffi a unguwarmu da suka bi matansu kafin shekara ta zagayo, ba ciwon komai, abinci kawai suka daina ci. Na riga na rasa uwa ina nesa, ga uba yana narkewa a teburina ina kallo.

Ana haka Kusum ta gayyace mu cin abincin rana wata Lahadi. Tsohuwa ce da duk Indiyawan garin ke kira Maushi, wato inna. Ta zo ƙasar tun tana amarya, mijinta ya yi aiki a kamfanin ƙwan lantarki har ya rasu. Ta ji an ce mutumin Sangli ya zo, ita kuwa 'yar Miraj ce, garin da ke jikin namu, don haka ba zancen uzuri. Ban so zuwa ba, don na san za ta ga ramarsa, kafin Talata kowa ya ji.

Ta zaunar da mu, ita ba ta zauna ba. Ta soke bakin zanenta na sari a ƙugu, ta zuba wa Baba pitla da bakiri guda. Da ya cinye ta dawo da wata. Ya ce ya isa.

"Ya isa wa? Yaya, ai ko ɗanɗanawa ba ku yi ba."

Ta ajiye masa. Ya ce shi fa da gaske yake, cikinsa ba ya ɗauka yanzu. Ta ce cikin nasa bai gaya mata ba. Na buɗe baki zan ce ta ƙyale shi, sai na ga ya gutsira. Ya cinye. Da ta zagayo karo na uku ya shimfiɗa hannuwansa biyu a kan farantin, yana cewa ta ji tausayin tsoho.

"Ku ɗauke hannu ko in zuba a kai. Ni ba a mayar min da abinci kicin, ku tambayi mutanen garin nan."

Ya ɗauke. Bayan bakiri aka kawo shinkafa da kindirmo, ita ma aka sha dambe a kanta, ita ma ta tafi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, har yana ba Shardul labarin kokawar da aka yi a Sangli yana saurayi. Ni kuwa maimakon murna sai haushi ya kama ni. Ashe yana iya ci. Nawa ne ba ya so.

Na kwashi kwanuka na bi ta kicin. Da ta juya baya na lakaci pitlarta na kai baki. Gishiri ya yi yawa, ƙasan ma ya kama. Bakirinta kuwa kauri kamar tafin takalmi. Tawa ta fi ta nesa ba kusa ba, kuma wannan ne ya ƙara ƙona min rai. Na tambaye ta, murya ba daɗi, me take sakawa a ciki. Na ce makonni ke nan ina fama, mutumin nan ba ya wuce ludayi guda a gidana.

Ta rufe famfo ta goge hannu. "Sau nawa kike tambayarsa?"

"Tambayar me?"

"Ko a ƙara masa."

"Sau ɗaya mana. In ya ce a'a, ɗura zan yi masa?"

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Ke 'yar nan, a Sangli aka haife ki ko a filin jirgi? A'a ta farko ladabi ce. Ta biyu kunya. Sai a ta uku ake fara sauraron mutum, ita ma in ya janye farantin ne, ba in ya ɗora hannu ba. Ga shi a gidan suruki. Mutanen zamaninsu ko ruwa da ƙyar suke sha a gidan 'yar da suka aurar, ke kuma kina jira ya miƙa hannu cikin tukunyar mijinki ya ɗiba da kansa. Ko ya buɗe muku firiji kamar ɓarawo."

Na ce ba ta san shi ba ne. Na ce duk tasowata faɗa yake da Aayi a kan wannan cusawar.

"To, ya taɓa tashi ya bar mata abincin?"

Na nemi rana ɗaya a kaina da ya yi hakan, ban samu ba. Kullum sai ya yi faɗan, kullum sai ya suɗe farantin. Maushi ta miƙo min tawul in goge kwanuka, ta ce in daina zama tare da su, mai zuba abinci a tsaye yake. Ta ce shi ma dogon mijin nan nawa ya riƙa buɗe baki, gidansa ne, nasa nacin ya fi nawa nauyi.

Washegari ban je aiki ba, Shardul ma na hana shi fita. Ban yi wani girkin burgewa ba, shinkafa ce da waran da yankan lemun tsami, sai man shanu da na narkar a ɗan kasko. Na koya wa Shardul abin da zai faɗa, ya maimaita min a kicin kamar ɗan makaranta.

Na zuba wa Baba na tsaya. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya dubi kujerata. Da ya cinye na matso da tukunya, ya ce ya isa. Hannuna ya so komawa da kansa. Na danne, na zuba. Ya ce haba, me ke nan, ai ya gaya min. Na ce ban ji ba. Kunya ta rufe ni, ji nake kamar ina cin zalin tsoho, amma na ga yatsunsa sun riga sun shiga shinkafar.

A zagaye na gaba ya rufe farantin da hannu. Na harari Shardul.

"Baba, in ba ku ƙara ba ni ma na haƙura," in ji shi, bakinsa cike, farantinsa tuli. Ko yaro ba zai yarda ba.

Baba bai ɗauke hannun ba. Ban san inda na samo ƙarfin halin ba, na karkata kaskon, man shanu mai ɗumi ya zubo a bayan hannunsa ya bi tsakanin yatsu ya sauka a faranti. Ya zuba wa hannun ido ya daɗe, ni kuwa na ce a raina shi ke nan, na wuce gona da iri. Can sai ya janye hannun a hankali ya lashe man, ya bar min farantin a buɗe.

Ya ci. Na ƙara, ya yi mita, ya ci. Sai da ya kusa gamawa ya yi magana, idonsa a kan abincin.

"Na zaci kun gaji da ni ne. Kullum sau ɗaya kike tambaya, ki rufe tukunya."

Na tsaya da ludayi a hannu. Makonni yana zaune da yunwa a gidan 'yarsa, yana ganin nauyi ya zame mana, ni kuma ina can ina shirya zuciyata ga mutuwarsa. Haushin kaina da nasa da daɗi suka haɗu min wuri guda, na rasa wanda zan fara da shi. Sai na kankare sauran shinkafar na juye masa. Wannan karon da ya ce ya isa, ya ja farantin gefe, na ƙyale shi.

Ya wanke hannu ya dawo ya jingina da kujera, ya yi gyatsar da ban taɓa tsammanin zan yi marmarin ji ba. Ya ce da Shardul anjima ya raka shi ya ga bakin ruwan garin da ake ta ba shi labari. Sannan ya juyo gare ni.

"Gobe ki yi mana pitla. Amma ki sa tafarnuwa da yaji kamar ta mutane. Taki ta rannan abincin asibiti ce."

Ni ba a kushe min girki in yi shiru, Shardul shaida ne, har ya fara sunkuyar da kai yana jiran abin da zai biyo baya. Na goge idona da bayan hannu, na tambaye shi da bakiri yake so ko da shinkafa.

Ya ce kada in wahalar da kaina, ɗaya ma ta isa. Na je na jiƙa shinkafa, na sauko da garin dawa.