Dish a Gindin Mangwaro

Shekarar da tashin hankali ya koro Deribe daga Borno zuwa unguwar Demsawo a Jimeta, bai sayi katifa ba sai da ya sayi dish. Ƙanwarsa Hamsatu ta ɓace a hanyar gudu, ya kuma ji cewa wata tashar talabijin ta Maiduguri tana nuna waɗanda suka isa sansani kowace la'asar.

Deribe kuwa mutum ne mai tausayin kaya, ko butarsa ba ta yini a rana. Don haka ya kafa dish ɗin a gindin mangwaro, inda inuwa ta fi kauri. Talabijin ta ƙi kawo komai. Ya zagi mai shago, ya zagi dikoda, da ya gaji ya kira Zipporah, 'yar maƙwabcinsa, injiniya a turakun sadarwa na hanyar Namtari.

Ta dubi dish, ta dubi mangwaro, ta danne dariya da ƙyar.

"Baba, wa ya ajiye shi nan?"

"Ni mana. Ranar Jimeta ai sai ta dafa shi."

"Saƙon da yake jira daga sama kamar raɗa ne," in ji ta. "Duk abu mai ɗumi kuma yana da tasa hayaniyar, bango, ƙasa, itacen nan, har shi kansa dish ɗin. Ganye ya tare raɗar, ya cika masa kunne da surutu. In hayaniya ta fi saƙo, shi ke nan."

"'Yata, mangwaro ne ke surutu?"

"Sosai, Baba. Sarari yake so, can sama akwai sanyi."

Deribe bai yarda ba, amma ya riƙe mata tsani. Ta ɗaure dish a kan rufin kwano cikin tsakar rana, shi kuma yana ƙasa yana ba dish ɗin haƙuri. Hoto ya fito tar.

Ya yi kwanaki yana kallon fuskokin da bai sani ba, kullum ya tashi jiki a sanyaye. Ran nan da la'asar sai ga wata mata a talabijin, ta rame sosai, ta tare ɗan jarida tana faɗa cewa miyar sansani ko daddawa babu.

Deribe ya yi dariya har hawaye suka jiƙa masa gemu. Daɗi ya hana shi zama.

"Ita ce," ya ce wa Zipporah da ta leƙo. "Ba mai tsira da rai ya fara da ƙorafin miya sai Hamsatu."

Ya fita zuwa tashar mota da takalmi ƙafa ɗaya.