Uwar Giya a Bakin Gaji

A shekarar da aka sauke tutar Turawa, Gaji kaɗai ta rage tana dafa giya a Tungar Batulu, wani ɗan ƙauyen Kyangawa tsakanin Illo da iyakar Dahome. Sauran matan duk sun kife tukwanensu, wasu don sun kama salla, wasu don tsoron duka. Ita kuwa Gaji taurin kai a jininta yake. Gajeruwa ce, kakkaura, mai bakin da ba ya ajiye magana ta kwana.

Giyarta ba irin burkutun kowa ba ce. Ta kowa a rana take tashi, ta yi kumfa a sama, ta yi tsami kafin gobe. Ta Gaji sai an binne tulun cikin danshin rairayi a gindin ɗinya, ta daɗe tana aiki a hankali cikin sanyi, ta fito garau. Direbobin da ke hawowa daga Kwatano suna rantsuwa ba ta da maraba da ta kwalba. Sirrin yana can gindin tulun, wata farar laka da ke kwanciya, wadda suke kira uwar giya. Abu ne mai rai. In aka ba shi ruwan tsiron dawa sai ya ci ya hayayyafa, in zafi ya taɓa shi ko ƙazanta ya mutu. Kakar Gaji ce ta same shi, da ta haɗa uwar burkutun gidansu da wani abu da ta kankaro daga ɓawon itace a bakin Kwara cikin hunturu. Biyun suka auru a tulu suka haifi na uku, kamar alfadari, bai bi uwa ba bai bi uba ba. Mata da yawa sun gwada haɗin, ba wadda ta sake dacewa.

Gida biyu ne ke riƙe da shi, na Gaji da na ƙanwarta Dela da ke aure a hayin iyaka. In na ɗaya ya mutu sai ɗayar ta ɗebo mata. To, a bazarar nan na Dela ya mutu. Duk duniya abin da ya rage shi ne wanda ke gindin ɗinyar Gaji, kuma tana shirin kai wa Dela rabonta ke nan aka zo.

Da hantsi suka iso, samarin jam'iyya da kulake da gwangwanin kalanzir. An ce wani babba zai ratsa yankin, ba a son ya ji warin giya. Jagoransu Wakili Ango ne, mutumin da rabin tumbinsa a rumfar Gaji ya tara shi kafin ya sayi rawani. A bayansu, kai a sunkuye, ga Bunyaminu, ɗan farin Gaji, wanda ya bar gida bara ya kama salla ya sake suna. Ko sunansa na yanka ba ta taɓa faɗa ba don kunyar ɗan fari, balle wannan.

Ba su yi sallama ba. Kulki ya sauka kan babbar tukunyar da ke kan murhu, tafasasshen ruwan tsiro ya watsu a ƙafar wata akuya, ta yi waje tana kururuwa. Suka bi randuna da ƙwarya da ludayi suna farfasawa, mai kalanzir yana bi yana yayyafawa. Gaji na tsaye tana surfa musu zagi, kowa da sunan uwarsa da abin da ubansa ya taɓa yi a buge. Hankalinta kwance yake, don duk abin da suka fasa ana iya ginawa.

Sai Wakili ya juya ga Bunyaminu. “Akwai wanda ta binne. Kai ka san wurin, cikin gidan ga anka haihe ka.”

Bunyaminu ya ɗago kai. Idonsa ne kawai ya kai gindin ɗinya ya dawo, kuma hakan ya isa.

Gaji ta riga su. Ba wanda ya zaci tsohuwa tana da wannan gudu. Ta faɗa kan rairayin, ta ture murfin, ta zura hannu har kafaɗa, ta kwarfo farar lakar nan ta cika bakinta taf. Kulkin farko ya sami tulun, na biyu ya sami hannunta. Ƙashin ya yi ƙara kowa ya ji. Suka tsiyaye kalanzir a ramin suka ƙyasta ashana, sauran kalanzir ɗin ya jiƙe mata zane da ɗaya hannun.

“To, tsohuwa,” in ji Wakili, “ki ce kin bari, mu tahi. Kalma guda muke so.”

Gaji ta dube shi, kumatu a kumbure, ba ta ce uffan ba. Su da suka san ta da baki, wannan shirun ya fi musu zagi ciwo. Suka ɗauka raini ne. Wani ya kwaɗa mata mari ta faɗi, wani ya sa ƙafa a haƙarƙarinta. Ta dunƙule, ta datse haƙora, tana numfashi ta hanci. Ta ji haƙori guda ya girgiɗe, jini ya soma gauraya da abin da ke bakinta, ita dai ba ta haɗiye ba, ba ta tofar ba.

“Inna, ki hwaɗi mana,” Bunyaminu ya ce. “Ki ce kin bari, ko da ba har zuci ba. Inna, mi kike jira?”

Da kulki ya sake tashi, shi ya tare. Ya riƙe hannun mai dukan, ya hankaɗa shi cikin garwashin murhu. Nan fa abin ya juya. Waɗanda suka ci tuwo tare da shi da safe suka rufe shi, suna kiransa ɗan arna, munafuki. Ya kai biyu ƙasa kafin wani ya zagayo ta baya da taɓaryar Gaji ya sauke masa a ƙeya. Ƙarar ba ta da yawa. Ya durƙusa, ya kife, jini ya biyo kunne da ido. Da suka ga ƙafarsa tana shure-shure ita kaɗai, jarumtar ta ƙare. Wakili ne ya fara kama hanya, yana tattare babbar riga.

Gaji ta ja jiki ta isa gare shi, ta ɗora kansa a cinya. Tausayinsa ya kama ta irin wanda ba ta ji ba tun yana goye.

“Inna,” ya ce. “Ni na nuna musu. Ki yahe mini.”

Ta gyaɗa kai da ƙarfi. Amma jini ya rufe masa ido, ba ya ganinta.

“Inna, kina nan? Ki yahe mini.”

Ta duba hannuwanta, ɗaya a karye, ɗaya sharkaf da kalanzir. Ta duba ƙasa, toka ce da rairayi mai zafi. In ta buɗe baki a nan, abin kakarta ya ƙare har abada. Can kusa da danga ta hango gindin wata randa da kalanzir bai kai gare shi ba. Ba nisa, ta ce a ranta, yanzu zan dawo. Ta zame cinyarta, ta ajiye kansa a ƙasa, ta rarrafa da gwiwa da gwiwar hannu. Tana jin sa a baya yana kiranta, muryar tana raguwa. Ta kai, ta sunkuya, ta juye bakinta a hankali cikin tsingaron, farar laka da jini da haƙori guda, ta tura shi inuwa.

Ta juyo tana rarrafe tana faɗa tun daga nesa. “Na yahe maka. Ka ji? Na yahe, duniya da lahira. Bunyaminu, na yahe.”

Ta iso ta tarar bakinsa a buɗe, ƙudaje sun riga sun sauka. Ta girgiza shi, ta kai baki kunnensa ta maimaita, ta sake maimaitawa. Maƙwabta da suka fito daga maɓoya suka tsaya daga nesa, ba wanda ya iya ce mata yaron ya daina ji.

Washegari, bayan an binne shi, ta tsallaka iyaka da hannu a ɗaure, tsingaron a cikin jiƙaƙƙen tsumma. Dela ta tsince haƙorin, ta zuba sauran cikin ruwan tsiro mai sanyi, ta binne tulun. Bayan 'yan kwanaki ta kara kunne, ta ji yana motsi, ta zo da murnarta.

“Yaya, ta kama. Tana da rai.”

Gaji na zaune a bakin ƙofa tana kallon hanyar da ta biyo.

“Dela,” ta ce, “in mutum ya yi shiru, kunnenai na saurin mutuwa? Ko shina ɗan jimawa?”